Sandar da Ba Tawa Ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Muna lafiya a Lanham, nan Amurka.

Kulob ɗin golf da nake yanke wa ciyawa zai buga littafin tarihinsa. A da gonar taba ce, da ta zama filin wasa baƙar fata ba ya shiga sai ɗauke da jakar sandunan wani ɗan wasa. Jiya manaja ya miƙo mini sandar golf, wai in riƙe a ɗauke ni hoto a sa a littafin. Bai taɓa wulaƙanta ni ba, amma me ya sa sai ni, da ban taɓa buga ƙwallon ba? Na ce a kan injina na yankan ciyawa za a ɗauka. Ya ce zai yi tunani.

Ku taya ni addu'a kada aikin ya suɓuce. A gaida kowa. In hotona ya iso da sanda, ka gaya wa Inna ba tawa ba ce.

Ƙaninka,
Bala