Ba Wadda Ta Gwada Haɗiyar Baba

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna?

An ba Baba gado a asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma da sauƙi. Ki kwantar da hankalinki, rabin nas-nas ɗin ɗakin ɗalibaina ne, babbarsu ma ita ta fi kowa maki a ajina. Sai rusunawa suke, Malama sama, Malama ƙasa. Kin san karatun da na yi shekaru ina biya musu: likita ya faɗi sunan cuta, nas kuma ta yi nata binciken, ta gano abin da cutar ta jawo wa mutum, ko yana iya haɗiya, ko zai faɗo daga gado, kafin ta taɓa shi. Yau zan ci gumina.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. 

Shekaranjiya na dawo daga aji na tarar ana ɗura wa Baba shayi yana kwance. Yana tari, ana yi masa sannu, ana ƙarawa. Ashe tun zuwansa ba wadda ta gwada haɗiyarsa.

Na tambayi gwanar tawa. Ta zayyano min darasin tas, ba tuntuɓe, saura kaɗan in ba ta maki. Sannan cikin ladabi ta fahimtar da ni cewa wannan na jarrabawa ne. A nan sai an kusa tashi aiki ake zama a rubuta wa kowane mara lafiya abu ɗaya a takardarsa, ciwo da rashin barci, daga bakin ƙofa har ƙarshen layi. Marasa lafiya sun yi yawa, su kaɗan ne, likitoci ma ba sa karantawa. Yaya, ko kunya ba ta ji ba. Tausayina take ji.

Shayin ya shiga huhu. Zazzaɓi ya rufe shi, yanzu na'ura ke taya shi numfashi. Yau da safe sun yi binciken, sun gano cewa Baba yana cikin hatsarin shaƙewa. Har ta kawo min in gani, rubutu mai kyau, ba kuskure.

Ki taho da Inna da zarar kin karanta wannan. Ki ce mata Baba ne ke nemanta. Kada ki jira yara su taso daga makaranta.

Taki,
Auta