Ƙaguwar da Ta Yi Saɓa

Ƙanena Fergal,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba? Inna ta ce tun da ya kwanta yake marmarin kifin bas, kai kuma kullum hannu Rabbana kake dawowa daga bakin teku.

Rago kawai! Ajiye kifin robar nan da kake sa wa ƙugiya. Idan ruwa ya janye, ɗaga duwatsu ka nemo ƙaguwar da ta yi saɓa, ka ɗaure ta a ƙugiya da zare. Ita bas ke so; tsutsar tana kuwa ta kamun kifin kod ce, sai sanyi ya shigo.

Ni ƙalau nake a mahaƙar ma'adinai a nan Ostireliya, tari ne dai ya ɗan matsa mini. Kada Inna ta ji.

In Baba ya ci, ka ce masa ban manta abin da ya koya mini ba.

Yayanka,
Donal