Wata Biyar Ke Nan Na Kasa Hawa Babur Ɗina

Assalamu alaikum Malama Zuwaira. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana.

Ni ɗan acaɓa ne a Yako, shekarata goma sha ɗaya ina wannan sana'a. Wata biyar da suka wuce na ɗauko wani dattijo, Baba Surajo, daga kasuwa, sai saniya ta faɗo mana titi. Na taka birki, muka zube. Ni ƙujewa kawai na yi, shi kuwa ya karye a ƙugu, bayan kwana tara Allah ya yi masa rasuwa. 'Ya'yansa har gida suka zo suka ce ƙaddara ce, sun yafe. Ni ne na kasa yafe wa kaina.

Tun daga nan, da na kama kan babur sai ƙirjina ya yi ta dukan uku-uku. Na ce wa matata inji ne ya buga, na kai shi shagon wani abokina na ɓoye. Kullum in fita da safe in zauna a bayan firamare har la'asar. Magidanci da 'ya'ya huɗu fa, Malama!

Wani ma'aikacin lafiya a garinmu ne ya tura ni Kano wurin likitan da ke maganin damuwa ta hanyar zantawa. Na zaci allura zai yi mini, sai ya zauna ya saurare ni. Ya sa na riƙa rubuta tunanin da ke damuna. Na rubuta cewa ni na kashe Baba Surajo. Ya tambaye ni ko gudu nake yi, ko ni na koro saniyar, da abin da zan faɗa wa abokina in shi abin ya samu. Ya koya mini jan numfashi a hankali, ya ce in riƙa zama a kan babur ɗin minti biyar ba tare da na tayar ba. A mako na huɗu na tayar, na zagaya filin ƙwallo sau biyu. Ranar har hawaye na yi.

Sai ga Maikano, yayan matata, ya gan ni a layi a asibitin, ƙarƙashin allon sashen masu taɓin hankali. Muka gaisa kawai, amma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mako uku ke nan ban koma ba. In zancen ya bazu, wa zai hau bayana? Da wane ido zan kalli matata?

Ɗan'uwanki a Yako

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba Surajo.

Tsoronka ba na banza ba ne. Mutanenmu suna da surutu, kuma sana'arka ta yarda ce. Amma abin da ke damunka ba hauka ba ne, firgici ne da kan biyo bayan haɗari, kuma ana warkewa. Kai da kanka ka ga alama: wanda ya kasa kama kan babur, ga shi ya zagaya fili.

Ka yi wa wannan sabon tsoron irin tambayoyin da likita ya koya maka. Me Maikano ya ce? Mako uku, ka ji zancen a bakin wani? Ta yiwu mutumin rufa maka asiri yake yi, kai kuma kana ta zarginsa a zuci.

Ka koma asibiti a makon nan, ka faɗa wa likitan dalilin ɗauke ƙafarka, don kunyar ma abin dubawa ce. Sannan ka zaunar da matarka ka gaya mata gaskiya da bakinka. Tana iya jin haushin ɓoyon, tana da hakki, ka ba ta haƙuri. Ina kyautata zaton ta daɗe da lura akwai abin da ke cin ka. Kada ka yi gaggawar ɗaukar fasinja sai kun yi shawara da likita. Ka riƙe addu'a, ka riƙe magani, ba sa karo da juna.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya zuciyarka, ya tsare ka da iyalinka.

Malama Zuwaira