Litinin da Alhamis

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na dame ki da takarda alhali kina fama da ƙafa, bakina ne ba zai iya faɗar wannan a waya ba. Ina fatan kina lafiya ke da yara, ƙafar kuma da sauƙi.

Maganar faɗuwar Auta ce. Kwana uku muka yi a asibiti, an lilliƙa mata wayoyi a kai, har ta faɗi a gaban likitoci sau biyu. Likita ta ce ba farfaɗiya ba ce, ƙwaƙwalwarta lafiya lau. Ni kuwa da gurguwar fahimtata na ɗauka cewa aka yi ƙarya take. Muna dawowa gida na kwance igiyar shanya na zane ta, yarinya 'yar shekara tara, ko kuka ba ta yi ba. Allah Ya yafe mini. Da muka koma likitar ta ga shatin a bayanta, ta zaunar da ni ta ce ba da gangan take yi ba, tsoro ne da baki ya kasa faɗa sai jiki ya ɗauka. Ta ce in riƙa rubuta ranar kowace faɗuwa.

Ban cika shafi ba na gane. Duk ranar da na ɗago ta daga ƙasa da azumi a bakina. Litinin da Alhamis. Kin san kuwa tun rasuwar babanta, a ranakun nan maigidanki ke biyowa da mota ya kai ta makaranta. Ni nake buɗe mata ƙofar gaba ina sa masa albarka.

Alhamis ɗin nan ina ɗaura mata takalmi ya yi hon. A hannuna ta sandare, ta runtse ido, ta jiƙa kayanta. Da ta farfaɗo na lallaba ta. Abin da ta gaya mini hannuna ba zai iya rubuta shi ba. Ta ce ya ce in ta faɗa, ke za ki mutu, shi ya sa ta yi shiru.

Yaya, ina tsoron ɗaukar alhakin mutum, na juya maganar nan har na gaji. Amma ba za ta ƙara shiga motar ba. Na gaya wa likita, ta ce akwai hukumomin da dole a sanar, ban so ki ji a bakin wani ba. Jibi Litinin, zai zo ya yi hon, ban san abin da zan ce masa ba.

Don Allah kada ki nuna masa takardar. Ki ba ni amsa da wuri.

Wassalam, ƙanwarki,
Maman Auta