Hotunan Turkawa da Aka Ce Kakanninmu Ne

Munzali Dabo
Largo, Maryland
28 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga:
Mai girma Dakta Nasir Umaru,
Shugaban Ƙungiyar Tushenmu,
Fort Washington, Maryland.

Game da: Hotunan da ake koyar da 'ya'yanmu da su a ajin Hausa na Asabar

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama da gaisuwar ban girma, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar Asabar, 5 ga Oktoba, Malam Abdulmumin mai koyar da ajin ya raba wa yara hotunan wasu maza masu rawani da gemu, ya ce sarakunan ƙasar Hausa ne na da. Irinsu guda shida na manne a bangon ajin.

2. 'Yata Afnan, mai shekara goma sha ɗaya, ta tambaye ni ko gaskiya ne. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, marasa lafiya nake turawa a keke a asibiti. Na amince da malam, na ce mata gaskiya ne.

3. Ranar Juma'a, 18 ga wata, ta kai hoton da aka ba ta makarantar boko domin ranar al'adu, sanye da atamfar mahaifiyarta. Wani yaro ya hango jirgin ruwa a bayan mai rawanin, ya tambaye ta wane teku ne a Kano. Aji ya yi dariya. Malamarsu ta bincika, ta nuna mata cewa kwamandan jiragen yaƙin Turkawa ne. Wani Bature ne ya zana shi a farantin tagulla aka buga a takarda, fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce, kuma wataƙila bai ma taɓa ganinsa ba.

4. Abin da ya fi ba ni ƙyama, ranka ya daɗe: sunan mutumin na rubuce kewaye da hoton na asali. An sa almakashi an yanke shi. Wanda ya yanke ya gani. Rawani kawai ya wadatar da shi.

5. Asabar biyu ke nan Afnan ba ta je aji ba. Ko gaisuwar safe da Turanci take yi mini yanzu. Jiya ta tambaye ni, cikin abubuwan da na ba ta labari game da gida, wanne kuma ban bincika ba.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a cire hotunan kafin Asabar, 2 ga Nuwamba, kuma Malam ya faɗa wa yaran gaskiya da bakinsa. Ba na neman a kore shi. Zan kawo Afnan ranar, in tsaya kusa da shi, domin ni ma akwai gafarar da zan nema a wurinta.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira.

Naka mai biyayya,
Munzali Dabo
Mahaifin Afnan