Kunun da ya kwana uku a randa

Daren Laraba, unguwar Hindawiyya, ƙasa mai tsarki

Ke Rabi, maƙwabciyar arziki, ajiye wankin nan ki saurare ni yanzu-yanzu. Ɗauko littafi ki rubuta yadda na faɗa, ya zama shaida.

Shekara talatin ina dama kunun zaƙi a randar ƙasa, gero da ɗan tsiro, ya kwana ɗaya in sayar. Leburorin unguwar Khumra kullum cewa suke ruwan sha'ir na gwangwani, wanda ba ya bugarwa, ƙarfe-ƙarfe yake a baki, nawa kuwa da ransa. Ina jin daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. To wannan karon zazzaɓi ya kwantar da ni, kunu ya kwana uku a rufe cikin zafin nan. Na ga yana kumfa, na ji ƙyashin zubarwa, na ƙara sukari na ɗura a gora.

Da la'asar Iliya direba ya kurɓa, ya ce, "Hajiya, rabona da irin wannan tun kafin in tuba. Wallahi ta gwangwani ba ta kama ƙafarsa ba."

Shi dariya yake, ni na ruga na buɗe randar. Giya, Rabi! Ni da ko shinshinarta ban taɓa yi ba, ga shi ba ni da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan. Idan shurɗa, 'yan sandan nan, suka ji, tawa ta ƙare. Allah dai ya san ban sani ba.

Na tuntsurar da randar, amma gora shida sun riga sun fita. Yafa mayafinki, yalla mu tafi mu bi masu sayen. Malam Sani ladan za a fara gaya wa, biyu ya saya, da su zai yi sahur na azumin Alhamis.