Tsoka Biyu a Aljihuna

Daren Laraba, Karaye

Barci ya ƙi zuwa. Yau a wajen koyon girki muna soya naman walimar wani malami na ƙauyen Turawa, sai na ji aljihuna ya ɗau zafi. Tsoka biyu na tarar a ciki. Wallahi ban san lokacin da na sa ba. Shekara shida a gidan yari ta koya wa hannuna ɓoye abinci, har yau bai san an sake mu ba.

Inna Hauwa mai koya mana ta ga maiƙo a rigata. Ta ce, "Malam Sale, ba dai ƙonewa ka yi ba?" Na sa hannu na rufe wurin. In ta kore ni ba zan ga laifinta ba, amma ina zan nufa? Garinmu Mubi da nisa, can ɗin ma ba mai jirana. Sai dai in koma kwanan tasha.

Da za mu tashi ta ce, "Gobe kai za ka raba wa baƙi nama."

Ko gwaji ne ko yarda, ban sani ba. Na dai ɗinke bakin aljihunan duka biyu. Allah ka rufa min asiri.